Auta da Uwar Tsiwa

Shafi na 31

Na ga saƙonninku, masu cewa na ajiye ku a bakin ƙofar kwamiti na tafi yawona. Wata har ta ce tun jiya take leƙa wayarta duk bayan minti biyar ta ga ko na saki shafi. 'Yar uwa, labarin nan da ke nake yi, ki gyara zama.

Kwana takwas ke nan da malamin da ke sa ido a ɗakin jarrabawa ya kama Auta da waya a ƙarƙashin tebur, ya rubuta cewa satar amsa take yi. A jami'arsu hukuncin satar amsa kora ne, ko da saura mako ɗaya mutum ya gama, ita kuwa Auta a shekarar ƙarshe take. An ƙwace wayar an sa a ambulan, an ce ta ba da lambar sirri a duba, ta ƙi. Ba ta yi gardama ba, ba ta yi kuka ba, kai kawai ta sunkuyar. Mutum ɗaya ta gaya wa a gida, Yayarta mai aikin jinya, ita ma sai da ta roƙe ta kada Baba ya ji.

Yau ga su ita da Yaya a gaban kwamiti. Dogon tebur ne a tsakiyar ɗakin, ambulan ɗin na kwance a kai. Farfesa, shugaban kwamitin, ya sauke tabaransa kan hanci ya karanta rahoton tun daga kwanan wata har sa hannu. Mai sa ido ya tabbatar da komai. Ya ce ya hango kanta a duƙe, da ya matso ya ga babban yatsanta na gudu a kan waya, irin gudun da bai taɓa gani ba a shekara goma sha biyu da ya yi yana gadin jarrabawa.

Farfesa ya dubi Auta. "Kina da abin cewa?"

Shiru.

Ku da kuka san Auta kun san ba taurin kai ba ne. Yarinyar da sai ta maimaita gaisuwa sau uku a zuci kafin ta fito da ita, wadda ta shekara huɗu a aji ba ta taɓa ɗaga hannu ba, har wani malaminsu ya taɓa tambayarta ko baƙuwa ce. Ita za a ce ta kare kanta a gaban mutum huɗu masu biro a hannu? Ni kaina da nake rubutawa tausayinta nake ji, amma haushinta ya fi yawa.

Farfesa ya ce shi ba ya son jan magana. In ta buɗe wayar za su duba su yi hukunci da abin da suka gani. In ta ƙi, rahoton da ke gabansa shi ne shaida, kuma kafin a tashi aiki yau zai sa hannu a takardar kora.

Yaya ta miƙe da farin kayan aikinta, don daga asibiti ta wuto, ta roƙi a ba ta minti biyar da ƙanwarta. Aka nuna musu ƙaramin ofishin sakatariya da ke manne da ɗakin, wanda fayil ya cika shi har ba wurin zama. Ta tura ƙofar ta jingina da ita.

"Namiji ne?"

Auta ta girgiza kai.

"Hotuna ne? Kin tura wa wani abin da bai kamata ba?"

Ta sake girgiza kai, da sauri wannan karon.

"Wani ne yake miki barazana? Ki dube ni, Auta. Babu abin da ban gani ba a wurin aiki, babu abin da za ki faɗa in faɗi ƙasa."

Kwana takwas Yaya ba ta ci abinci ya zauna mata ba. Duk wani mugun abu da ta taɓa gani an kawo yarinya asibiti a kansa sai da ta jera shi a zuciyarta ta sa fuskar ƙanwarta a kai. Tsoro ne ya sa muryarta ta yi kaushi.

"To mene ne a wayar nan da ya fi kora muni?"

Auta ta ɗago kai. Da ƙyar maganar ta fito.

"Dariya za ku yi min."

Yaya ta tsaya tana kallonta kamar ba ta ji da kyau ba. Ta ce ta maimaita, ta maimaita. Sai Yaya ta dafa kanta da hannu biyu ta ce ita dai ta shiga uku da wannan yarinya, shekara huɗu na karatu, da sammakon da Baba yake yi zuwa gareji, duk za a zubar saboda kada a yi wa mutum dariya. Ta ce in dariya ce ita za ta fara, a yi a gama, gobe kowa ya kama harkarsa, amma takardar kora ba ta gogewa.

"Ki buɗe. Duk abin da ya fito, ina tsaye a bayanki."

Suka koma. Sakatariya ta yage bakin ambulan ɗin, ta jona wayar a caji, aka jira ta kawo. Auta ta danna lambobi shida, ta tura wayar tsakiyar tebur, ta rufe ido.

Farfesa ya juya wayar sama da ƙasa bai san ta inda zai fara ba, sai ya miƙa wa Dakta, matar da ke koyar da ilimin halayyar ɗan Adam. Ita ba ta shiga hotuna ko saƙonni ba. Kai tsaye ta wuce wurin da waya ke rubuta awannin da mai ita ya yi a kanta, ta koma ranar jarrabawar, ta karanto musu. Tsakanin ƙarfe goma da sha ɗaya abu ɗaya tak aka buɗe, dandalin sada zumunta, na minti shida. Ba a buɗe wurin bincike ba, ba a buɗe littafi ko hoto ba, ba a tura wa kowa saƙo ba.

Ta ƙara da cewa a makon da ya gabaci ranar, awa sha ɗaya ake yi a wayar nan kullum, kuma ana ɗaga ta a duba sau ɗari biyu da wani abu a yini.

Biron sakatariya ya tsaya. Yaya ta lissafa da yatsu ta ga awa sha ɗaya ya kusa kai tsawon aikinta na yini guda, ta saki baki.

Dakta ta shiga dandalin. Babu hoton Auta a shafin, zanen wata mata ne ta riƙe ƙugu, a ƙasa an rubuta suna: Uwar Tsiwa. Mabiya dubu arba'in da takwas.

Wani ɗan sauti ya kufce wa sakatariya. Duk aka juyo ana kallonta. Baiwar Allah ta yi ƙoƙarin mayar da shi tari, bai yiwu ba.

"Ke ce Uwar Tsiwa?" ta ce. "Ke ɗin nan?"

Ashe mabiyiya ce, tun shafin yana da mutum dubu biyu. Yaya kuwa komawa ta yi kan kujera ta zauna. Ta san Uwar Tsiwa sarai, wa bai san ta ba a ɗakin hutun ma'aikatan jinya? Matar da ba ta barin kowa, daga direban da ke cewa saura mutum ɗaya alhali motar wayam, har masu zuwa gaisuwar mara lafiya su cinye masa abinci. Watan jiya ma ta yi rubutu a kan yayyen da ke ɗaukar ƙannensu kamar majinyata, ko tari ka yi sai sun tambaye ka launin majina. Yaya ta yi dariya har da hawaye a ranar, ta tura wa mutum biyar, har ta tura wa Auta ta ce ta karanta ta ga masu baki.

Ta juya a hankali ta dubi ƙanwarta. "Da ni kike ashe."

Auta ta ƙara nutsar da kai.

Farfesa ya ce shi bai san wata Uwar Tsiwa ba, abin da aka rubuta a cikin minti shidan nan yake son gani. Dakta ta nemo masa. Da safiyar ranar wata mata ta yi sharhi a ƙarƙashin wani rubutu, ta ce da gani mai shafin nan ba ta da aikin yi, tana kwance a gida tana zagin mutane. Ƙarfe goma da minti arba'in da ɗaya martani ya fita. Farfesa ya gyara tabarau ya karanta shi da muryar da yake karanta sakamakon jarrabawa.

"Gaskiyarki, ba ni da aikin yi. Shi ya sa na ɗauki aikin gyara miki tarbiyya, kyauta. Ki zo gobe da safe, ki taho da littafi da biro."

Mai sa ido ya juya yana kallon bango, kafaɗunsa na motsi. Sakatariya ta cusa fuska a cikin fayil. Farfesa bai ko murmusa ba, ya ce akwai wani a ƙasa da ba a tura ba, ya tsaya a rabin kalma. Mai sa ido ya ce, yana share ido, daidai nan ya fizge wayar.

Dariyar da Auta ta kwana takwas tana gudu ta zo ta same ta, kuma ga shi ba ta mutu ba. Ta buɗe ido a hankali ta ga babu mai kallonta da ƙyama. Yaya ma kanta ta sunkuyar, tana ta jero hamdala ƙasa-ƙasa, hawaye na ɗiga a kan farin siket ɗinta.

Dakta ta jawo kujerarta kusa da Auta, ta ce ita tambaya ɗaya gare ta, kuma ba ta hukunci ba ce. Me ya hana ta bari sai ta fito?

Farfesa ya buɗe baki zai yi magana, Dakta ta ɗaga masa hannu.

"A bakin ƙofa na ga sharhin," Auta ta ce, idonta a kan tebur. "Na ajiye jakata inda ake ajiyewa. Ban san lokacin da hannuna ya sa wayar a aljihu ba, wallahi ban sani ba. Na amsa tambaya ta ɗaya. Ta biyu ma na san amsarta. Amma kaina ya cika da matar nan, gani nake duk mutanen nan suna zaune suna jira su ga na yi shiru. A waje kullum shiru nake yi. A can ne kawai ba na yi."

Wannan ce magana mafi tsawo da Yaya ta taɓa ji daga bakin ƙanwarta a gaban baƙi.

Dakta ta juya ga Farfesa. Ta ce ta daɗe tana duba wannan al'amari a tsakanin ɗalibai, kuma ba kowa waya ke kamawa iri ɗaya ba. Mai surutu da ke zazzage cikinsa ga mutane yakan iya barin wayarsa a caji rabin yini bai tuna da ita ba. Wanda ta fi riƙewa shi ne mai jin nauyin mutane, wanda magana ke taruwa masa a ciki ba ta da mafita, musamman in ya haɗa da zuciyar da ba ta iya ajiye damuwa, kalma ɗaya ta hana shi sakat. Irin wannan in ya samu wurin da zai yi magana ba a ganin fuskarsa, to ya samu gida, fitar da shi sai an yi da gaske. Ta ce ita kanta sai ta kulle tata a mota take iya duba takardun ɗalibai.

Farfesa ya yi gunaguni a kan zamaninsu da ake layi a buga waya ɗaya, sannan ya ce a kawo takardar amsar yarinyar. Tambaya ta ɗaya an amsa ta shafi biyu da rabi, rubutu tsaf. Ta biyu lambarta kawai aka rubuta aka ja layi. Ya tambayi mai sa ido ko yana da ƙari.

Mutumin ya gyara zama. Ya ce abin da idonsa ya gani ya rubuta, amma bai ga abin da ke cikin wayar ba, yanzu kuwa ya gani. Ya janye maganar satar amsa, shiga da waya dai tana nan. Allah Ya yi masa albarka, ba kowa ke iya wannan ba.

Suka haɗa kai su uku suna ƙus-ƙus. Minti huɗu ne a agogon bango, a wurin Auta kuwa har ta gama tunanin yadda za ta kwashe kayanta daga ɗaki ba tare da kowa ya gan ta ba.

Farfesa ya cire tabarau.

"Babu kora."

Abin da ya biyo baya sama-sama ta ji shi. An soke takardar saboda shiga da waya, za ta sake rubutawa a zango mai zuwa, za a sa mata gargaɗi a fayil, kuma duk ranar Laraba za ta riƙa zuwa ofishin Dakta har sai Dakta ta ce ya isa. Numfashin da ta riƙe kwana takwas ya fita gaba ɗaya, jikinta ya yi sanyi, ta ji yunwa ta taso mata a karo na farko tun ranar. Daɗi ne ya rufe ta, irin wanda ke sa mutum kuka, ta kuwa yi shi. Yaya ta yi ta godiya, ta gode wa Farfesa, ta gode wa Dakta, ta gode wa mai sa ido sau biyu, har sakatariya ba ta bari ba.

Farfesa ya ce wa Auta, yana tattara takardu, tun da Allah Ya ba ta hannun rubutu haka, ta riƙa rage wa tambaya ta biyu. Sakatariya ta cire wayar daga caji ta miƙa mata, ta sunkuyo ta raɗa mata cewa mai sharhin nan fa tun ranar ba ta sake tofa komai ba. Dakta ta aika mata wani kallo, ta koma kan fayil ɗinta da sauri.

Suna fitowa baranda wayar ta fara rawa a hannun Auta. Saƙonnin kwana takwas ne ke shigowa, wani na korar wani, mabiya na tambayar ina Uwar Tsiwa ta shiga. Kafin ta ankara babban yatsanta ya riga ya hau gilashin. Ta dubi yatsan, ta dubi ƙofar da ta fito yanzu. Ta kife wayar ta miƙa wa Yaya da hannu biyu.

"Ki riƙe min, Yaya. Ko na roƙe ki kada ki ba ni."

Yaya ta naɗe hannuwa a ƙirji.

"Ba ni za ki ba ba."

Ta nuna gefe da baki. A kan bencin da ke ƙarƙashin tagar ɗakin kwamitin, tagar da ke buɗe tun safe, wani dattijo na zaune da shuɗin kayan gareji, hularsa a gwiwa, baƙin mai a faratansa.

Baba.

Yaya ta ce ita ta gaya masa tun shekaranjiya, kuma ba za ta ba da haƙuri ba, don da an yi korar nan ai gidansa za a koma. Ya rufe garejin ya biyo su a baya, ya ce kada a shigar da shi, zai jira a waje.

Auta ta ƙarasa, ta durƙusa a gabansa. Ta jira faɗa, bai zo ba. Ya miƙo hannu, ta ɗora masa wayar, tana ta rawa a tafinsa. Ya daɗe yana kallon wayar kamar wani ƙarfen mota da aka kawo masa bai san inda yake shiga ba.

"Na ji komai," ya ce. "Na gode wa Allah da ba a kore ki ba. Wannan ya wuce."

Ta ɗaga kai da ƙyar.

"Amma an ce ina da wata 'ya a cikin nan mai baki, mutum dubu arba'in da takwas suna sauraronta. Ni shekara ashirin da biyu ina gida ɗaya da ita, daga ina kwana sai sannu da zuwa."

Ya mayar mata da wayar, ya matsa gefe ya buga bencin da tafin hannu.

"Idona ba ya ganin ƙananan rubutun nan. Zauna, Auta. Ki karanta min da bakinki, daga na farko."